Yadda Ake Dasa Takalmin Zomo a Gida, a Kula da Shi Har Ya Yaɗu

Duk wanda ya taɓa duban tambarin Najeriya da kyau, a bangon fasfo ko a jikin takardar kuɗi, zai ga wasu 'yan furanni a warwatse cikin koriyar ciyawar da fararen dawakan nan biyu suke tsaye a kai. Furen takalmin zomo ke nan, wanda masana tsirrai suke kira Costus spectabilis, kuma shi ƙasar ta ɗauka a matsayin furenta. A tambarin da ja ake zana shi, amma a daji rawaya ne, wani lokaci ya ɗan karkata zuwa ruwan lemo. Manoma da makiyaya da yawa sun sha taka shi a hanyar gona da farkon damina ba tare da sun san shi ne wanda ke jikin kuɗin aljihunsu ba.

Tsiro ne maras kara. Abin da ido yake gani shi ne ganye huɗu masu faɗi da kauri, kusan zagayayyu, a shimfiɗe a ƙasa suna kallon kusurwa huɗu, sau da yawa da ɗan jan layi a gefensu, sai fure ya fito daga tsakiyarsu. Ɗan uwan tsiron nan mai dogon kara da ake kira kakizuwa ne na kusa, kuma dangin citta ne na nesa, saboda haka rayuwarsa tana ƙarƙashin ƙasa, cikin wata doguwar saiwa mai gaɓa-gaɓa da take kwanciya tana rarrafe, wadda idan aka tono ta da ƙananan jijiyoyinta sai ta yi kama da shanshani. Da damina saiwar takan fitar da ganye da fure, ta miƙa sababbin rassa gefe da gefe. Da ruwa ya ɗauke sai ganyen ya bushe ya ɓace, saiwar ta kwanta barci har wata shekara. Wannan shi ne iyakar abin da mai farawa yake bukatar ya fahimta, kuma a cikin shekarun da na yi ina dasa shi ina raba wa mutane, kusan duk wanda nasa ya mutu, ya mutu ne saboda an hana saiwar barcinta.

Kayan da za a tanada

Saiwar takalmin zomo lafiyayyiya, guda biyar zuwa goma sun isa farawa. Fartanya da shebur don gyaran wuri, da ƙaramin magirbi ko tsohuwar wuƙa maras kaifi don tono. Wuƙa mai kaifi kuma mai tsabta don rarraba saiwa. Tokar murhu busasshiya wadda aka tankaɗe, ko garin gawayi. Ruɓaɓɓen ganye irin wanda yake taruwa a gindin bishiyoyi ya koma baƙar ƙasa, kamar kwano babba biyu ga kowane wuri mai faɗin taku biyu. Rairayi mai gwari-gwari na rafi, ba mai laushi irin na yaɓe ba. Takin shanu ko na awaki wanda ya shekara ya huce. Busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa don rufe ƙasa. Turaku ko duwatsu don yin alama. Butar ban ruwa mai rariya a baki; idan babu, a huda gindin gwangwani da ƙusa. Sai ragar waya ko ƙaya don tsare wurin daga kaji da awaki. Wanda zai dasa a tukunya ya nemi mai faɗin baki maras zurfi, irin kasko ko tsohuwar roba ta wanki, domin saiwar gefe take tafiya, ba ƙasa ba.

1. Zaɓen wuri

A daji ana samun takalmin zomo a inuwar bishiyoyi wadda rana take ɗan ratsawa, a tsakanin duwatsu inda ruɓaɓɓen ganye ya taru, da kuma gefen suri. Irin wannan wurin za a nema masa a gida: ya samu hasken safe na awa biyu ko uku, amma daga hantsi zuwa la'asar ya kasance cikin inuwa. Gefen gabas na katanga ko na ɗaki yana yi, haka ma gefen inuwar ɗorawa, kaɗanya ko gwaiba.

Ba kowace inuwa ce take yi ba. Gindin tsohon mangwaro yana da duhu ƙwarai, tsiron zai yi ganye amma fure sai an yi sa'a, don haka idan mangwaro kaɗai ake da shi a dasa a bakin inuwar, inda rassan suka ƙare. Darbejiya tana da jijiyoyi masu yawa kusa da saman ƙasa, suna ƙwace ruwa da abinci. Gawo kuwa yaudara ce, domin da rani ne yake da ganye, da damina ta kama sai ya zubar da shi, wato daidai lokacin da tsiron yake bukatar inuwa sai a wayi gari babu.

Abu na biyu shi ne kada ruwa ya kwanta. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a duba wurin bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Idan bayan awa ɗaya har yanzu ruwa yana tsaye, a nemi wani wurin ko a ɗaga ƙasar. A kuma guje wa ƙarƙashin indararo da bakin kwano, saboda ruwan da yake zubowa daga sama yana yaga ganye yana tone saiwa. Sannan a guji duk inda ake zubar da ruwan wanke-wanke ko na alwala, domin wurin ba ya bushewa ko da rani.

Wanda yake zaune a wuraren da damina take da tsawo, kamar kudancin Kaduna, Filato, Neja ko Abuja, aikinsa zai zo da sauƙi, tun da yanayin ya yi daidai da na dazuzzukan da tsiron ya saba da su. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, inda ruwa yake makara kuma ya ɗauke da wuri, sai an ƙara inuwa an kuma taimaka da ban ruwa a farko da ƙarshen damina, kuma a can na fi ba da shawarar tukunya.

2. Samo saiwa

Mafi kyau a karɓa daga wanda ya riga ya dasa a gida, saboda tasa saiwar ta saba da tsakar gida, kuma zai iya nuna yadda take a hannu. Masu sayar da furanni a bakin titi sun fi ajiye tsirran da aka shigo da su daga waje, don haka ba lallai ne a same shi a wurinsu ba.

Idan daga daji za a ɗebo, akwai wahala guda: lokacin da ya fi dacewa a tone shi ne ƙarshen rani, kuma a lokacin babu abin da yake nuna inda yake. Dabarar ita ce a je tun da damina, a ga inda ya yi yawa, a kafa turke ko a jera duwatsu, sannan a koma a watan Maris ko farkon Afrilu kafin ruwan farko. A nemi izinin mai gonar ko mai wurin, kuma kada a tono komai a gandun daji na gwamnati irin su Yankari, doka ta hana. Wuri mafi dacewa shi ne fegin da za a sheme don noma ko gini, inda ko an bar tsiron ma halaka zai yi. A inda ba haka ba, kada a ɗauki fiye da ɗaya cikin goma na abin da aka tarar, a kuma mayar da ƙasar ramin a danne.

Wajen tono, a fara daga nesa da turken da kamar tsawon tafin hannu biyu, a riƙa sassaƙe ƙasa a hankali da magirbi, domin saiwar ba ta da zurfi kuma tana karyewa da sauƙi. Da an ganta a ajiye ƙarfe a bi ta da yatsa. Lafiyayyiyar saiwa tana da tauri da nauyi idan an matsa ta, tana kuma da ido ko tsini a ƙarshenta, wanda daga nan sabon tsiro zai fito. Wadda ta yi laushi, ko ta yi fayau kamar kara, tsohuwa ce da ta gama aikinta, a bar ta.

Idan damina ta riga ta kama kuma ba za a iya jira ba, ana iya ɗauko shi da ganyensa, amma sai an yanko shi da ƙasarsa baki ɗaya kamar yadda ake ɗauko dashen mangwaro, a sa a kwali ko kwando, a dasa a ranar da yamma. Zai yi yaushi na 'yan kwanaki, kuma galibi ba ya fure a wannan shekarar.

3. Gyaran ƙasa

A kafce wurin zurfin kamar santimita 20, a tsince duwatsu manya da buraguzan siminti da leda, a kuma cire saiwar ciyawa tas, musamman jiji da tofa da kiri-kiri, domin bayan an dasa ba za a sake samun damar sa fartanya a wurin ba. Wannan shi ne aikin da mutane suka fi yi wa gaggawa, kuma shi ne suka fi nadama a kai, saboda jijin da ya shiga tsakanin saiwar takalmin zomo ba ya fita sai an tone duka.

Sai a haɗa ƙasa: kashi biyu na ƙasar wurin, kashi biyu na ruɓaɓɓen ganye, kashi ɗaya na rairayi, a zuba ɗan tsohon taki kamar cikin tafi biyu a kowane taku. Idan ƙasar wurin laka ce mai danƙo a ƙara rairayi har sai an dunƙula ta da danshi a hannu ta ƙi zama curi. Idan kuwa jigawa ce mai yashi, ba a bukatar rairayin, a ƙara ruɓaɓɓen ganye a madadinsa. A ɗaga wurin ya fi sauran ƙasa tsawo da kamar santimita 10 zuwa 15, a kewaye shi da duwatsu ko bulo don kada ruwa ya zaizaye.

Wanda bai samu ruɓaɓɓen ganye ba zai iya amfani da tsohuwar ƙasar juji wadda ta yi baƙi ta daina wari, a tankaɗe ta a cire kwalba da leda, ko ɓuntun shinkafa wanda ya daɗe a jibge ya ruɓe. Abin da ba za a yi ba shi ne sa ɗanyen kashin kaji ko sabon takin turke, domin zafinsu yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara da tsutsa.

4. Shirya saiwa

Ba dole ne a yanka saiwar ba; idan tana da yawa a dasa kowacce yadda take, ta fi saurin fure. Idan kaɗan ce ana so a yawaita, a yanka ta gunduwa-gunduwa, kowacce ta kai tsawon yatsa kuma tana da ido aƙalla ɗaya. A yi yankan sau ɗaya da wuƙa mai kaifi, kada a karya da hannu, a tsoma bakin yankan a toka ko garin gawayi, a shanya a inuwa inda iska take wucewa na kwana ɗaya ko biyu har bakin ya bushe. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jiƙa saiwar a ruwa ta kwana wai don ta yi saurin tsirowa, ko ƙulle ta a leda. Dukansu biyu ruɓa suke kawowa. Idan dasawa za ta jinkirta, a binne saiwar a busasshen rairayi cikin kwali, a ajiye a ɗaki mai sanyi inda ɓera ba zai kai ba.

5. Dasawa

Lokacin dasawa shi ne bayan ruwa na biyu ko na uku mai jiƙa ƙasa, wato daidai lokacin da manoman wurin suke fita shuka. A kudancin yankinmu yakan faɗo a Afrilu ko Mayu, a arewa kuwa sai Yuni.

A ja ɗan layi mai zurfin yatsu uku, kamar santimita 4 zuwa 5, a kwantar da saiwar a kwance, idon yana kallon sama ko gefe, a rufe da ƙasa a danna kaɗan da tafin hannu. Ba a tsayar da ita a tsaye kamar rogo, ba a kuma binne ta da zurfi kamar doya, domin tsiron da ya sha wahalar fitowa daga zurfi yakan fito da ƙananan ganye, wani ma ya ruɓe a hanya. A bar tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakanin kowacce da 'yar uwarta. Wurin zai yi kama da fili a shekarar farko, kuma zuciya za ta raya wa mutum ya matse su, amma ganyen kowane tsiro yana cin wuri mai faɗin faranti babba, sannan 'ya'yan da za su fito baɗi suna bukatar inda za su zauna.

A kafa ɗan tsinke a kan kowacce, a yayyafa ruwa sau ɗaya don ƙasa ta zauna, a baza busasshen ganye sama-sama yadda har yanzu ana hango ƙasa ta tsakaninsa. Daga nan a kewaye da raga. Kaza ɗaya tana iya tone aikin yini guda kafin a idar da sallar azahar, domin babu abin da take so kamar ƙasa mai laushi da aka rufe da ganye.

Mai tukunya ya huda gindinta wuri huɗu ko biyar, ya shimfiɗa tsakuwa ko fasasshen kasko a ƙasa, ya zuba haɗin ƙasar nan da ɗan ƙarin rairayi, ya dasa saiwa ɗaya ko biyu a tukunya mai faɗin baki kamar santimita 40. A ɗora tukunyar a kan bulo biyu don ruwa ya riƙa fita, kuma tukunyar ƙasa ta fi ta roba, saboda tana numfashi ba ta kuma ɗaukar zafi sosai.

6. Kulawa da damina

Bayan dasawa sai haƙuri. Wata saiwar takan fito cikin mako biyu, wata sai ta haura wata guda, ya danganta da ɗumi da danshi. Kada a tona don a duba, saboda tsinin da yake fitowa yana da taushi, kuma idan ya karye sai saiwar ta sake sabon shiri. Farkon fitowarsa kamar nannaɗaɗɗiyar takarda yake, sannan ganyen ya warware ya kwanta.

Kafin tsiro ya fito, ruwa kaɗan ake bukata, iyaka kada ƙasar ta bushe ƙurmus. Bayan ganye ya buɗe yana son danshi a kai a kai. Idan ruwan sama yana zuwa babu abin da za a ƙara. Idan aka yi fari na kwana huɗu ko biyar, a tura yatsa cikin ƙasa, in an ji a bushe har gaɓa ta biyu a ba shi ruwa da safe. A zuba a ƙasa ta gefen ganye, ba a tsakiya ba. Da marka, lokacin da ake kwana ana wuni ana ruwa a watan Agusta, damuwar takan juya: a duba ko ruwa yana kwanciya, a buɗe masa hanya, masu tukunya kuma su janye ta zuwa ƙarƙashin rumfa idan ƙasar ta ƙi tsanewa.

Ciyawa da hannu ake cire ta, tun tana ƙarama, ana danne ƙasa da ɗaya hannun don kada a ɗago saiwa. Ba a sa fartanya, ba a kuma fesa maganin kashe ciyawa ko kusa da wurin. Da ganyen ya rufe ƙasa shi da kansa yake hana yawancin ciyawa fitowa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa nake son sa a gindin bishiya, inda sauran furanni ba sa yi. A riƙa kwashe manyan ganyayen bishiya da suka faɗo a kansa, domin tsiron da yake shimfiɗe a ƙasa ba shi da hanyar ture abin da ya danne shi.

Game da taki, abin da aka haɗa tun farko ya isa shekarar. Idan aka ga ganye ya yi fari-fari bai girma ba, a jiƙa tsohon takin shanu cikin bokiti kwana biyu, a tace, a sirka har ya yi kalar shayi maras kauri, a zuba a gefe sau ɗaya a wata. Ban cika son takin zamani a kansa ba. Yuriya tana sa ganye ya yi girma fure ya ragu, kuma ƙwayar kamfa ɗaya da ta faɗa tsakiyar ganyen ta narke tana iya ƙona furen tun bai fito ba.

Abokan gabarsa a gida su ne katantanwa da fara da gara. Katantanwa da dare take fitowa ta huda ganye, maganinta a fita da tocila bayan isha'i a tsince, a kuma zagaye wurin da toka, a sabunta bayan kowane ruwa. Fara ma da hannu ake kama ta da sanyin safiya kafin jikinta ya saki. Gara kuwa busasshen ganyen da aka rufe ƙasa da shi take bi, don haka idan ta yi yawa a kwashe shi a bar ƙasar a buɗe. Idan gefen ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar an babbaka, rana ce ta yi yawa, a kafa zana ko buhu ta yamma. Idan kuwa ganye ya yi rawaya ya yi laushi tun damina ba ta ƙare ba, kuma da an ja shi ya biyo hannu, saiwar ta ruɓe. A tone wannan tsiron, a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga mai tauri, a shafa toka, a bar shi ya bushe kwana biyu, a sake dasawa a ƙasa mai rairayi.

7. Fure

Saiwa mai ƙarfi takan yi fure a shekarar da aka dasa ta, ba da daɗewa ba bayan ganye ya buɗe, amma ƙananan gunduwoyi sai shekara ta biyu. Kowane fure yini ɗaya yake yi: ya buɗe da safe, kafin dare ya yi yaushi, sannan wani ya biyo baya daga wuri guda, a haka har na wasu makonni. Saboda haka ba furen tsinkewa a sa a kwalba ba ne, kuma wanda yake fita aiki da asuba ya dawo da magariba zai iya rantsewa nasa bai taɓa fure ba. Ba a bukatar cire wanda ya yi yaushi, sai dai idan ya manne a ganye da ruwan sama ya fara ruɓewa. A kuma ja wa yara kunne cewa duk da kamannin saiwar da citta, ba abin ci ba ce.

8. Kaka da rani

Wannan ne matakin da ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda kusan ba a yin komai a cikinsa. Da ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba, ganyen zai fara rawaya daga gefe, ya bushe, ya koma kamar takarda. Ba ciwo ba ne. A wannan lokacin tsiron yake mayar da abincin da ke ganye cikin sabuwar saiwa, don haka kada a yanke ganyen yana da sauran kore, a bar shi ya bushe da kansa. A arewa, inda ruwa yake ɗaukewa tun Satumba, ana iya ci gaba da ba shi ruwa na mako uku ko huɗu don saiwar ta cika, amma da zarar ganye ya fara juyawa a rage, idan ya bushe a daina gaba ɗaya.

Daga nan har ƙarshen rani ba a ba shi ruwa. Shekarata ta farko tausayi ya sa na riƙa zuba wa tukwanena biyu ruwa duk bayan kwana uku a cikin hunturu, ina ganin kamar ƙishirwa za ta kashe su, da na zazzage su a watan Maris babu abin da na tarar sai baƙar laka mai wari. Saiwar da take barci ba ta shan ruwa, duk abin da aka zuba zama yake yi a jikinta cikin sanyi. Saboda wannan dalilin ne ma ba a haɗa takalmin zomo wuri ɗaya da furannin da ake ba ruwa duk shekara, ko a gindin lemo da ayaba da ake shayarwa da rani.

Abin da za a yi shi ne a rufe wurin da busasshen ganye mai kaurin yatsu biyu ko uku don zafin bazara kada ya gasa saiwar, a bar duwatsu da turakun alama a inda suke, a kuma sanar da duk mutanen gida cewa akwai abu a ƙasa. Na taɓa rasa rabin fangali saboda wani yaro mai son taimako ya ga wuri fayau ya kafce shi zai shuka alayyafo. Kada a ƙona shara a kai, kada a ɗaure dabba a wurin, kada kuma ya zama hanyar wucewa. Tukwane kuwa a kai su inuwa inda ba mai zuba musu ruwa, a bar saiwar cikin ƙasarta. Idan tukunyar ƙarama ce kuma bazara ta yi tsanani, yayyafi ɗaya mai sauƙi a wata ya isa, don kawai saiwar kada ta motse.

Da aka ga hadari ya fara haɗuwa, a rage ganyen rufin ya koma sama-sama, a barbaɗa sabon ruɓaɓɓen ganye mai kaurin yatsa ɗaya, a bar ruwan sama ya tashe shi. Mai tukunya zai iya fara yayyafi mako biyu kafin damina, kaɗan-kaɗan, ya ƙara bayan ya ga tsini.

9. Rarrabawa da tsare iyaka

A wurin da ya karɓe shi, kowane tsiro yakan dawo da 'ya'ya a gefensa, ba lallai a daidai inda uwar ta tsaya bara ba, tun da saiwar tafiya take yi. Zuwa shekara ta uku ganyaye za su fara hawa kan juna, su ƙanƙance, fure ya ragu, kuma wannan ita ce alamar lokacin rarrabawa ya yi. A ƙarshen rani a tone wurin a hankali kamar yadda aka bayyana a mataki na biyu, a ware matattun saiwoyi, a sabunta ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, a mayar da mafiya ƙarfi a tazararsu ta farko, sauran a buɗe musu sabon wuri ko a bayar. Na tukunya kuwa duk shekara biyu ake zazzage shi, domin saiwar takan kai bango ta naɗe, wani lokaci har ta leƙo ta hudar gindi.

Yaɗuwarsa ba ta kai ta tofa ko jiji ba, kuma tun da saiwar a sama-sama take, tsare ta ba wuya. Bulo da aka binne zurfin santimita 15 a kewaye yana tare yawancinta, wadda ta tsallake kuma a sa alama da damina a cire ta da rani.

Ana iya samun sa ta iri, wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi da suke ɓoye a gindin ganye bayan fure, amma hanya ce mai jinkiri, sai an shuka su da ɗanyensu a kan rairayi mai danshi cikin inuwa, kuma mai farawa ba ya bukatarta muddin yana da saiwa. Idan za a aika wa wani saiwar zuwa wani gari, a aika da ita tana barci, a naɗe a takarda ko a zuba ta cikin busasshen ɓuntu a kwali, a rubuta masa a jikin kwalin cewa kada ya dasa sai an yi ruwa biyu a garinsu.